Ɗigon da Ke Bayan Rana

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, Mai Ido ta ga abin da ya kamata ta gani tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ba ma nemansa take yi ba. Cibiyar binciken sararin samaniya da take wa aiki ta yanke shawarar rufe tsohon shirin neman wata sabuwar duniya a sama, aka ce ta kwashe hotunan da aka tara ta zuba su a sabuwar ma'ajiya, ta riƙa buɗe ɗaya cikin hamsin don a tabbatar ba su lalace ba. Irin aikin da ake ba wanda ya kusa ritaya ke nan, don kada ya zauna yana hamma. Ta buɗe gida na ɗari huɗu da sha biyu, ta danna, sai wani ɗan ɗigo a gefen wani babban tauraro ya yi tsalle.

Bari a yi wa wanda bai san aikin ba bayani. Mijinta, wanda kowa ke kira Malam, masanin lissafi ne. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce ya lura cewa can bayan duniya ta takwas, ta ƙarshe da aka sani tana zagaya Rana, akwai wasu ƙananan duwatsun ƙanƙara da hanyoyinsu duk suka karkata gefe guda, kamar yadda katifa ke lotsawa ta wajen da mai ƙiba ya kwanta. Ya ce akwai wani abu mai nauyi a can, wata duniya da ba wanda ya taɓa gani. Ba shi kaɗai ya faɗa ba, wasu ma a wasu ƙasashen sun faɗa. Amma shi ya zauna shekara uku cur da fensir da kwamfuta, ya fito da wani siririn layi a taswirar sama, ya ce a nan take. Aka yanka layin gida-gida, gida ɗari shida da arba'in. Kowane gida a ɗauki hotonsa sau biyu da babban madubin hangen nesa da ke kan dutse, a bar 'yan makonni tsakani. Sai a ɗora hotunan a allo a riƙa juya su, wannan, wancan, wannan, wancan. Taurari ba sa motsi. Abin da ya motsa shi ake nema, kuma girman tsallensa shi ke faɗin nisansa: na kusa tsallensa babba, na nesa ɗan mitsitsi.

Kwamfuta na iya wannan aikin, amma a gefen tauraro mai haske makancewa take yi, ta zubar da komai ta ce datti ne. Irin waɗannan gidajen sai idon mutum, kuma duk cibiyar nan ba idon da ya kai nata. Shi ya sa aka laƙaba mata Mai Ido, har masu gadi da shi suke gaishe ta. Malam kuwa, da shekaru suka ja ba a ga komai ba, ɗalibai suka raɗa masa Mai Duniya a bayan idonsa. Ya sani sarai. Yakan ce ai gara su, wasu mahaukaci ma suke cewa.

Dokoki biyu ya kafa tun ranar farko. Ta ɗaya, ba a shafa wa gida ja a babbar taswirar da ke bangon ofis sai mutum biyu sun duba, kowa shi kaɗai, sun sa hannu. Gidan da aka shafa wa ja ya mutu ke nan, ba a komawa kansa, don layin masu jiran madubin nan ba ya ƙarewa. Ta biyu, ba mai cewa ya ga wani abu sai an kama shi a hoto uku. Biyu zato ne kawai. Ya taɓa sa wani babban ɗalibi kuka saboda ya shigo da gudu yana ihun ya gani alhali hoto biyu ne a hannunsa.

To, shi da ya kafa dokar farko shi ya fara taka ta. Tun shekara ta huɗu, in takarda ta fito daga hannun matarsa, ba ya dubawa. A tsaye yake sa hannu, wani lokacin da kofin shayi a ɗaya hannun. In ta yi magana sai ya ce me idonsa mai tabarau zai hango wanda nata bai hango ba? Abokan aiki su yi ta dariya suna cewa tsufa bai kashe soyayya ba. Ita ma daɗi take ji, ba ƙarya. Wace mace ce ba za ta ji daɗi ba?

Ranar Talatar nan ta sake dannawa. Ɗigon ya yi tsalle ya dawo, ya yi tsalle ya dawo. Tabon madubi ba ya haka, inda yake nan yake zama. Ta auna tsallen. Ba ta buƙaci duba littafi ba, domin lambar da Malam ya ce za a samu ta yi shekara goma manne a saman teburinsa, ta haddace ta fiye da lambar wayarta. Ita ce. Ta sake aunawa, ita ce dai. Ta buɗe takardar gidan, ga rubutunta nan ɓaro-ɓaro: “Tabon madubi. Ba komai.” Ga sa hannunta, ga nasa a ƙasa, a karkace. Da ta ga kwanan watan sai ta dafe baki, domin ranar da aka haifi jikarsu ce.

Ta tuna komai. 'Yarsu guda ɗaya, wadda suke kira Tilo, naƙuda ta kama ta saura mako uku, surukinsu ya bugo waya ya ce likita ya ce sai an yi aiki. Gida ɗaya ya rage mata a rabon ranar. Minti ashirin ake ba kowane gida, ita ko minti ɗaya ba ta ba shi ba. Ta ga wani abu a gefen hasken, ta ce tabo ne, ta rubuta, ta zari jaka. Ta tarar da Malam a kan matakala yana neman makullin mota, ya dafa takardar a bango ya sa hannu, suka fita da gudu. Allah ya sauki Tilo lafiya, jikar yanzu tana ajin ƙarshe na firamare, bakinta ba ya shiru. Washegari wani ya ɗauki jan alƙalami ya shafe gida na ɗari huɗu da sha biyu.

Bayan shekara biyu aka shafe gida na ƙarshe. Layin Malam ya zama ja daga kai har gindi. A babban taron masana na shekarar ya hau mumbari, gaban mutum ɗari uku, ya ce madubi bai yi laifi ba, masu dubawa ba su yi laifi ba, lissafinsa ne ba daidai ba. Tana zaune a layi na uku tana kallon yadda kunnuwansa ke zufa. Ya dawo ya nemi a mayar da shi koyar da 'yan ajin farko, ya sauke takardar da ke saman teburinsa, bai sake tayar da maganar ba. Mutumin da ba ya iya tafiya daga mota zuwa ƙofa bai ɗaga kai sama ba ya koma mai gyaran tsofaffin rediyo a baranda. Ita kuma duk shekarun nan lallashinsa take yi, tana ce masa kowa na kuskure. Kai, wannan kalmar ta “kowa na kuskure” sau nawa ta faɗa masa? Da ta tuna ta ji kamar ta mari kanta.

Ta kwafi hotunan ta hau sama ofishin Shugaba, mai jagorantar cibiyar. Shi ma ɗalibin Malam ne a da, shi ne ma wanda aka sa kuka. Ya danna, ya danna, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya karanta takardar, ya yi salati a hankali. Bai ce mata komai kan rubutunta ba, ita kuwa da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya jawo kalanda ya faɗi abin da ta riga ta sani tun tana hawa matakala. Wannan yankin na sama yanzu yana bayan Rana. Ba madubin da za a iya juyawa can, ko na ƙasa ko na sama. Sai nan da wata uku da kwana ashirin zai fito inda za a iya ɗaukarsa. Kafin nan hoto biyu ne kawai, yana iya zama ita, yana iya zama wani dutse mai kama da ita. Ya yi alkawarin ranar farko da ya fito, madubin nasu ne, ko wa zai yi fushi.

Sannan ya tambayi jikin Malam. Ta ce likita ya ce mako shida, in an yi sa'a takwas.

Ciwon daji ne a hanta, an gano shi a makare. An sauko da gadonsa falo kusa da taga, don hawa bene ya gagare shi. Tilo ta ɗauki hutu daga makarantar da take koyarwa ta dawo gidan da zama. A kan ɗan teburin da ke gefen gadon akwai kwalaben magani, da kofi mai tsinke, da wata rediyo da ya buɗe cikinta bai samu ƙarfin rufewa ba. Kwana huɗu Mai Ido na shiga tana fita da maganar a bakinta. Ta ƙona miya sau biyu, ta zuba gishiri a shayi. A rana ta huɗu Tilo ta ritsa ta a kicin ta rufe ƙofa, ta ce ba za ta buɗe ba sai an faɗa mata abin da ke faruwa.

Da ta ji, sai ta zauna a kan buhun shinkafa. Ta ce wato saboda ita ne. Uwar ta ce kada ta kuskura ta sake faɗin haka, ba ita ce ta riƙe alƙalamin ba. Tilo ta share ido ta ce to a bar shi, kada a faɗa masa. Ya riga ya haƙura, ya binne abin tun tuni, me za a tono masa yanzu, abin da ba zai kai ga ganin ƙarshensa ba? A bar bawan Allah ya tafi cikin natsuwa. Mai Ido ta ce natsuwar me? Mutum zai tafi yana zaton kansa ne ya yaudare shi, alhali ita ce. Ta ce tsoro take ji, tsoro sosai, amma ba za ta iya wanke masa fuska kullum da safe da wannan abin a cikinta ba.

Ranar Asabar da safe, bayan ta goge masa jiki ta canja masa riga, ta ɗora masa kwamfuta a cinya. Ya dube ta, ya dubi allon. Yatsansa da ya zama ƙashi ya nemo maɓallin da kansa. Ya danna ya fi sau talatin.

“Gida na nawa?”

“Ɗari huɗu da sha biyu.”

“Tsakiyar layin,” in ji shi. “Yaushe aka ɗauka?”

Ta faɗa masa. Ta faɗa masa komai, wayar surukinsu, da mintin da ba ta cika ba, da abin da ta rubuta. Ba ta rage ba, ba ta nemi mafaka ba. Yana saurare idonsa na kan allon.

“Hannu na biyu fa? Wa ya sa?”

“Kai ne, Malam. A kan matakala.”

Ya ture kwamfutar a hankali, ya juya fuskarsa bango. Kwana uku bai ce mata ƙala ba. Magani sai daga hannun Tilo, ruwa sai daga hannun Tilo. In ta shigo falon sai ya rufe ido. Ba ta ga laifinsa ba ko kaɗan, amma wallahi ta sha wuya. Shekara talatin da takwas da aure ba su taɓa wuni ba sa magana ba, sai yanzu da kwanakin suka zama ƙidayayyu. Takan zauna a kicin ta ji Tilo na lallashinsa, shi kuma shiru. Ba ta san da wa yake fushi ba, da ita, ko da kansa, ko da matakalar.

A rana ta huɗu, tana share ƙarƙashin gadon, ta ji muryarsa a saman kanta. Ya ce ta nemo masa takarda da fensir. Da ta kawo ya duba bakin fensirin ya ce wannan ai ba ya rubutu, ta feƙe masa. Iyakar abin da ta samu ke nan. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Abin da yake so shi ne ya lissafa inda ɗigon zai kasance yanzu. Shekara goma sha ɗaya ba komai ba ce ga abin da ke ɗaukar dubban shekaru kafin ya zagaya Rana sau ɗaya, amma dai ya ɗan matsa, kuma ba ya so Shugaba ya yi ta lalube. Aka jingina shi da filo uku, aka ɗora masa faranti a cinya ya zama tebur. Shi ya faɗa, ita ta shigar a kwamfuta, ta karanto masa, ya ce ƙarya ne ta sake. Ya dawo da faɗansa na da. Ya ce mata tana karanta lamba kamar mai tallan kayan miya. Ya ce wa Tilo ta kashe talabijin ko ta fitar da ita titi. Ya fara neman abinci da kansa, har ya ce shayin gidan nan ruwan wanke kofi ne. Allah sarki, ba su taɓa jin daɗin masifar mutum irin wannan ba. Ya sa aka rataye kalanda a gaban gadon, kullum da safe shi zai soke ranar da hannunsa.

Mako shida ya wuce. Takwas ya wuce. Likita ya zo ya duba shi ya girgiza kai, ya ce shi dai bai san abin da ke riƙe da wannan tsohon ba. Malam ya ce masa taurin kai ne, ba ya cikin littattafansu. Mai Ido ta fara yarda, a ɓoye, cewa zai kai. Ta san bai kamata ba, amma ta yarda.

A mako na goma ya gama. Lambobi ne layi biyu a rabin takarda. Ya sa ta karanta masa sau uku, ya sa hannu, ya ce a rufe takardar a ambulan ɗin wasiƙa a kai wa Shugaba, kada a aika ta waya. Tun daga ranar da ambulan ɗin ya fita gidan, sai jikin ya saki. Abinci ya ƙi shiga. Fatarsa ta zama ruwan ɗorawa har cikin ido. Barci ya fi farkawa yawa, in ya farka kuma sai ya kira Tilo da sunan yayarsa da ta rasu tun yana saurayi. Fensirin ya faɗi bayan gado ba wanda ya ɗauko. Kalandar ta yi kwana tara ba a soke ta ba, Tilo ta sauke ta don ta daina ganinta. Likita ya ja su baranda ya ce yanzu maganar kwanaki ake yi, ba makonni ba. Saura kwana ashirin da uku yankin ya fito.

Tilon da ta ce kada a faɗa masa gaskiya ita ce yanzu ta zo da wata shawarar. Ta ce Mama ta ce masa an gani. Ta ce an ɗauki hoto na uku, tana nan. Ai bai san Litinin ba bai san Juma'a ba, wa zai ƙaryata? Kuma ba ma ƙarya ba ce sosai, gaskiya ce da aka yi wa gaggawar mako uku. Mai Ido ta ce ba a san ko gaskiya ba ce, hoto biyu ne. Tilo ta ce don Allah Mama ta bar maganar hoto biyu, wannan ba ofis ba ne, ubanta ne ke mutuwa. Mai Ido ta ƙi ranar farko. Ta ƙi rana ta biyu da safe. Da rana tana jiƙa masa leɓe da auduga, ta tsaya tana kallon fuskar nan da ta rame, ta ce a ranta ita ta raba shi da shekara goma sha ɗaya, shin ba za ta iya ba shi yamma ɗaya ba?

Bayan la'asar ya farka, idonsa a washe, ya gane ta. Tilo na tsaye a bakin ƙofar kicin ta riƙe labule. Mai Ido ta zauna a bakin gadon ta kama hannunsa, ta gyara murya.

“Malam, Shugaba ya bugo waya. An ɗauki hoto na uku. Tana nan, daidai inda ka ce.”

Abin da ta gani a fuskarsa ba za ta manta ba har ta mutu. Murna ce tsantsa, irin ta yaro. Bakinsa ya buɗe, idonsa ya ciko, ya yunƙura kamar zai tashi zaune. Ta ce a ranta Tilo ta yi gaskiya, alhamdu lillahi, Tilo ta yi gaskiya. Ya ja numfashi uku ko huɗu a haka. Sannan ya dubi bango inda kalandar take a da.

“Yau nawa ga wata?”

Ba ta shirya wa wannan ba. Ƙarya ɗaya ta tanada, ba ta tanadi ta biyu ba, kuma shekara talatin da takwas in ya tambaye ta lamba gaskiya take ba shi. Kafin ta yi tunani bakinta ya faɗa. Ta ga leɓensa na motsi, yana ƙidaya. Mutumin da bai gane 'yarsa ba da safe bai yi kuskuren kwana ɗaya ba.

“Saura kwana ashirin da biyu,” ya ce. “Tana bayan Rana. Ba wanda ya ɗauke ta.”

Ta ga murnar na fita daga fuskarsa a hankali, ita ta kawo ta, ita kuma ta tsaya tana kallon tafiyarta. Ya mayar da kansa kan filo. Ba fushi a muryarsa, gajiya ce kawai, kuma wannan ya fi fushin ciwo.

“Sau biyu ke nan kina faɗa min abin da ba ki duba ba.”

Ta durƙusa a gefen gadon ta fashe da kuka, ta ce ya yafe mata, don Allah ya yafe mata, so take ya ji daɗi ko sau ɗaya. Tilo ta shigo da gudu tana cewa ita ce, Baba, ita ta sa ta. Hannunsa ya motsa a kan bargo ya sauka a kan na matarsa. Ko dafa ta ya yi, ko hannun ne ya faɗi don nauyinsa, ba ta sani ba. Ta yi ta juya abin a ranta daga baya, wata rana ta ce dafawa ce, wata rana ta ce ba ita ba ce.

Ya yi kwana uku bayan nan. Ya nemi ruwa, ya yi salati, ya kira sunan yayarsa. Amma magana cikakkiya, wadda ke da kai da gindi, waccan ce ta ƙarshe da ya yi mata. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, saura kwana goma sha tara.

Mutane suka zo suka tafi. Tsofaffin ɗalibansa suka cika baranda, har da waɗanda suka raɗa masa Mai Duniya, kowa na faɗin kirkinsa. Aka mayar da gadon sama, falon ya yi faɗi ba daɗi. Tilo ta koma gidanta da makarantarta, tana zuwa kullum da yamma, su zauna su yi hirar komai ban da abu ɗaya. Mai Ido ba ta ƙidaya kwanakin ba. Ba ta so, amma kanta na ƙidayawa da kansa.

Da safiyar ranar, tana shanya a bayan gida, wayar ta yi ƙara. Shugaba ne. Ya gaishe ta da ladabi, ya sake yi mata ta'aziyya, sannan ya ce an ɗauka, sama ta yi kyau, an juya madubin daidai lambobin da ke cikin ambulan. Hoton ya iso, yana kan kwamfutarsa. Bai buɗe ba, ba wanda ya buɗe. Duk ma'aikata suna ofishinsa a tsaye, sun ce ba wanda ya cancanci ya fara dubawa sai ita. Ya ce mota na hanya, za ta ɗauko ta.

Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Shekara ashirin da wani abu tana jiran wannan wayar. Ta sha tsara yadda za ta yi: ta sauko daga matakala ba gudu, ta tsaya a bakin ƙofar Malam, ta bari sai ya ɗago kai.

“Ka ce wa direban ya koma,” ta ce. “Ku buɗe abinku.”

Shugaba ya ce haba Mama, ai idonta ake jira.

“Ku buɗe,” ta ce. “Ko tana nan ko ba ta nan, ni ba ni da wanda zan kai wa labarin.”

Ta kashe wayar ta sa a aljihu, ta matse zanen ta shanya shi.